Kafin In Ƙirga Goma

Asabar, 16 ga Sha'aban, bayan la'asar

Littafin nan na babbar ɗiyata Huda ne, ta cika shafi huɗu ta yar da shi. Ni ma aji huɗu na yi anka sallame ni, don haka ni da shi tsara ne.

Jiya munka dawo da autarmu Hafsa daga asibiti a Suki, mota ce ta buge ta a ƙofar gida. An ɗaure mata ƙafa da jibis tun daga cinya har idon sawu, likita ya ce sai bayan sati biyar. Na ce masa, "Ya daktor, in akwai ragowar farar ƙasar nan a sammin, katangata na son shafe." Ya yi dariya. Mai jinya ta yi dariya. Matata Sakina ba ta yi ba. Hafsa bango take kallo.

Wata biyu ke nan da gadar tur'a, babbar hanyar ruwan noma, ta rufta a kan babbar kwalta, duk motar da za ta Suki ko ta fito can sai ta ratso ta titinmu. Titin da a da jaki kan tsaya tsakiyarsa ya gama tunaninsa ba mai ce masa kauce. Yanzu lori, boksi mai buɗaɗɗen baya, bas, raksha mai ƙafa uku, kowa gudu yake kamar an ce kasuwa za ta tashi ta bar shi.

Da safen nan Sakina tana kwashe kisra daga kan wuta, ba ta ko juyo ba ta ce, "Malam, in Sallah ta zo motocin nan ba su bar gudu a ƙofar gidan nan ba, zan kwashi yara mu tafi Damazin wurin Yaya. Ba yaji ba ne. Ba zan zauna jiran ta biyu ba." Ta sauko da shanta, jakar tafiyarta, daga saman kabad ta ajiye a ƙarshen gado, baki buɗe.

Malam take ce min, alhali ta san inda allona ya tsaya.

Lahadi, 17 ga Sha'aban, hantsi

Na zauna ƙofar gida in ƙirga motoci don in samu abin faɗa wa hukuma. Na kai bakwai. Na sake farawa. Bakwai. Sai na ɗauki tsinke na koma yin zane a ƙasa. Zane ba ya son baki.

Litinin, 18 ga Sha'aban, bayan azahar

Taron maƙwabta a zauren Alhaji Bilyamin, shugaban titin namu. Kowa ya zo da kukansa. Osman mai dukkan, wato kanti, wanda shagonsa ke kallon ƙofata, ya ce ƙura ta sa sukarinsa ya koma launin shayi tun ba a zuba ba. Alhaji ya ce katangarsa ta tsage. Inna Hindu, ƙawar marigayiya uwata, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce kajinta uku sun tafi, ɗaya ma tana kan ƙwai. Da anka zo kaina kowa ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya sake yabona a gaban jama'a, wai Abdussalami ɗan halas ne, ya yafe wa direban tun a gaban 'yan sanda, bai nemi komai ba. Na ce ai ni haka Allah ya yi ni, ko sauro ya cije ni sannu da aiki nake ce masa. Zaure ya ɗauki dariya. Inna Hindu ta tsura min ido har sai da na gyara hulata.

An yanke a rubuta wa mahalliya, ƙaramar hukumarmu, takarda su zo su yi mana matab, tudun nan da ake gicciyawa a titi don mota ta rage gudu. Ni anka ba kai takardar, tunda an yanke alkama hawashata, gonata ta ban ruwa, ba aiki.

Laraba, 20 ga Sha'aban, la'asar

Na kai takarda. Wani mai farar riga ya karɓa ya ce injiniya zai zo bukra, wato gobe. Na san Bukra, tare munka yi ƙuruciya. Yaron kirki ne, sai dai ba ya zuwa inda anka aike shi.

Alhamis, 21 ga Sha'aban, da safe

Tururuwa ta gano aljihun farar jallabiyata. Na sake mata ƙusa. Huda ta ce ta wanke min, na ce a bari.

Asabar, 23 ga Sha'aban, bayan magariba

Na gaji da jira. Shekara talatin ina ɗaga kunya a hawasha, ruwan Nilu ma na tsayar da shi inda nake so, balle mota da mutum ya ƙera. Na ari amalanken jakin Osman na yi sawu goma sha ɗaya daga bakin tur'a, baƙar laka mai kyau. Na ɗaga tudu uku: ɗaya gaban masallaci, ɗaya gaban Inna Hindu, ɗaya dab da gidana. Na yayyafa ruwa, na tattake da ƙafa, na shafe da bayan fartanya har yana sheƙi.

Osman ya fito ya riƙe ƙugu. "Ya zol, wanga matab ne ko kabarin raƙumi?"

Na ce, "Hassada ga mai rabo taki ce."

Bayana kamar an daka. Amma rabon da in ji daɗin gajiya haka tun kafin a buge Hafsa.

Lahadi, 24 ga Sha'aban, hantsi

Lorin farko ya taka birki har buhunansa sunka yi ruku'u. Direba ya leƙo ya gaida iyayena da kakannina ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin zagi mai daɗi haka ba.

Na shiga in ba Hafsa labari. Ta sa an juya mata gado ta ba ƙofa baya. Ina cikin kwaikwayon direban sai wata mota ta wuce, ta sa hannu biyu ta toshe kunne. Da ƙarar ta tafi ta ce, "Baba, rufe ƙofa."

Na rufe.

Talata, 26 ga Sha'aban, azahar

Inna Hindu ta aiko kirana. Na same ta tsaye da sandarta a bakin titi. "Ɗan Salih, zo ka ga aikinka."

Na duba. A ƙarshen kowane tudu, wajen katanga, na bar kafa kamar kamu biyu. Wallahi ban san na bari ba. Hannuna ne. Duk manomin hawasha in ya ɗaga kunya sai ya bar wa ruwa bakin shiga, in ba haka ba albasa ta mutu da ƙishi. Shekara talatin hannu yana yin abu, ba ya tambayar kai.

Mota kuwa ashe ruwa ce. Raksha da babur duk sun gano kafar, boksi ma kan zura ƙafa biyu ciki ya wuce a karkace, kuma ba mai rage gudu, ƙarawa suke don su riga juna. Kafofin nan uku duk a gefen gidana suke. Tun safe an fasa randar da muke ajiyewa a ƙofa don masu wucewa.

Na jawo su har dokin ƙofata kamar yadda nake jan ruwa zuwa kunyar ƙarshe.

Sakina ta leƙo ta ga ɓaraguzan randa. Ta ce, "Malam, da can ai tsakiyar titi suke bi." Ta koma ciki. Na ji tana ninke kaya.

Alhamis, 28 ga Sha'aban, la'asar

Na toshe kafofin. Rana ta bugi lakar ta tsattsage kamar yadda ƙasarmu ta saba, manyan lori sunka niƙe ta ta koma gari. Yanzu raƙuman Osman uku sun tashi sama, muna shaƙar su.

Alhaji ya ce bana ba za a shimfiɗa tabarmin shan ruwa a titi ba, a koma harabar masallaci. Ba wanda ya musa.

Asabar, 1 ga Azumi, bayan magariba

Tun ina goye a titi ake shan ruwa a garin nan, kowane gida ya fito da tirensa a haɗa. Yau mun sha a bayan katanga kamar masu ɓoyon abinci. Muna jin su suna wucewa fuu, fuu. Dab da magariba sun fi hauka, kowa na son ladan ya same shi a gida.

Shanta ta kai rabi.

Litinin, 3 ga Azumi, hantsi

Na je gyara wa Inna Hindu akurkin sauran kajinta. Tana zaune tana tsince wake, ta ce, "Ɗan Salih, ubanka bai taɓa zuba laka a hanya ba, amma ya sha tsayar da lori."

Na tuna. Lokacin mota ba ta shigowa gari, Baba da mahaifin Alhaji kan taka har babbar kwalta in rana ta yi ja. Su warware rawani, wannan ya riƙe baki, wancan ya riƙe baki, su gicciya. Duk motar da ta zo sai ta tsaya, a sauke matafiya a kai su tabarma. Abin kunya ne a ce baƙo ya sha ruwa a kan hanya alhali ya wuce ta garinku. Mu da mota ta kawo kanta har ƙofa, sai munka gudu masallaci.

Na ce, "Inna, wancan don lada ne. Ni gudu nake so su rage."

Ta ce, "Wanda ya sa hannu a akushinka ba ya take kazarka. In ya take ma, ya tsaya ya ba da haƙuri." Ta watsa wa kajin ɓawon wake. "Kuma ka rage dariyar nan taka, ba ta kaiwa idonka."

Na ce ido ne ya yi nisa da baki. Ba ta kula ni ba.

Talata, 4 ga Azumi, azahar

Na ciro rawanin Baba daga adaka, kamu goma sha biyu, yana warin ajiya. Alhaji ya ce, "In mota ta kwashe ku fa?" Na ce sai a yi mana matab biyu na gaske. Ya ce a'uzubillahi, amma ya yarda a maido tabarmi gaban dukkan ɗin Osman, inda akwai fili.

Na roƙi Sakina ta ƙara hannu a asida. Ta ce, "Ni in tuƙa, kai a gode maka." Na ce haka duniya ta gada. Ta ɗauko babbar tukunya ta dire da ƙarfi har murfin ya yi tsalle.

Laraba, 5 ga Azumi, da safe

Jiya saura kaɗan a kira salla, ni da Osman munka gicciya rawani. Ga lorin albasa ya taho yana hon. Bai rage ba, bai rage ba, sai da na ga haƙoran direban sannan ya tsaya, rawani na shafar hancin motar.

"Kun haukace? Sauri nake!"

Osman ya ɗaga hannu ya ce, "Na rantse da sakin matata, sai ka sauko ka sha ruwa!" A ƙasar nan ba mai son ya zama sanadin mutuwar auren wani. Direba ya sauko yana gunaguni. Osman bai taɓa aure ba.

Kafin ladan ya gama mun tara mutum tara: na lorin da yaransa biyu, masu raksha, da wani malamin makaranta a kan babur. Anka sha abre mai sanyi, anka ci asida da balila, anka yi salla sahu ɗaya. Bayan shayi na raka kowane direba motarsa, ina nuna masa ƙofofi. Gidan can yara biyar. Na kusa da shi uku, ɗaya yanzu ya fara tafiya. Wancan tsohuwa ce da kaji. Mai lorin ya nuna tawa ƙofar ya ce, "Nan fa?"

Na ce nan ma akwai.

Asabar, 8 ga Azumi, hantsi

Mata sun fara ƙorafi, kuma da gaskiyarsu. Matar Alhaji ta aiko a ce min in ina son ciyar da Sudan gaba ɗaya in zo in kama muciya. Amma tire bai ragu ba, jiya goma sha huɗu anka fito da su. Mai lorin albasa ya sauke mana rabin buhu. Wani mai boksi ya kawo ƙanƙara a nannaɗe cikin buhu, yara sunka bi shi kamar ango.

Da rana na koma zanena. Waɗanda sunka ci da mu suna rage gudu, su danna hon sau biyu, wani ma ya leƙo ya ce a gaida tsohuwa da kajinta. Ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran ba su san mu ba, mu ma ba mu san su ba.

Na faɗa wa Sakina. Ta ce, "Mota ɗaya ta isa, Malam." Gaskiya ne. Ɗaya ce ta isa.

Litinin, 10 ga Azumi, bayan magariba

Wata bas ba ta tsaya ba. Osman ya faɗi ya gurje gwiwar hannu. Rawanin Baba ya rabu biyu.

Talata, 11 ga Azumi, azahar

Na dawo daga masallaci na tarar da rawanin a ninke kan gadona, an haɗe shi da ɗinki ƙanana ƙanana, layi biyu. Na san hannun. Na tsaya bakin madafa na yi gyaran murya, Sakina ta ce in matsa ina tare mata iska.

Shanta tana inda take.

Juma'a, 14 ga Azumi, bayan magariba

Yau rawani ya kama farin boksi.

Mahmud sunansa, mutumin wajen Abu Na'ama, yaro ne bai fi talatin ba. Shi ne ya buge Hafsa, shi kuma ya ɗauke ta a hannu rannan ya kai ta Suki, rigarsa duk ta ɓaci. Tun daga ranar ta bayan gonaki yake zagayawa, yau an sako ruwa hanyar ta cika. Da ya ga wanda ke riƙe da bakin rawani sai ya kifa kansa a sitiyari. Osman ya buɗe baki zai yi rantsuwarsa ya fasa.

Na ce, "Sauko, ya Mahmud, ladan ba ya jira."

Ya zauna can ƙarshen tabarma, dabino a hannu, kowa ya sha ruwa shi bai kai baki ba. Na tura masa akushi. Ya tambayi jikinta, na ce da sauƙi. Sannan ya ce da Larabci, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Abu Hafsa, wallahi ban gan ta ba. Kai na gani. Kana nan gaban shagon ka ɗaga hannu sama, na ɗauka ni kake gaisarwa, na juyo in amsa."

Na ce masa ya ci asida tun ba ta huce ba.

Asabar, 15 ga Azumi, da safe

Ba gaisuwa ba ce.

Lahadi, 16 ga Azumi, la'asar

Na riƙe rawani. Ban ba kowa dariya ba. Osman ya tambaya ko ciwon ciki nake.

Litinin, 17 ga Azumi, bayan azahar

Bari in rubuta yadda na faɗa mata, tunda na faɗa.

Na same ta tana tankaɗe gari, na tsuguna kamar mai neman aro. Na ce, Sakina, rannan ina zaune gaban Osman. Na sayi alawa guda. Na hango yarinyar a ƙofa, na ɗaga alawar sama na ce, kafin in ƙirga goma. Wasanmu ne tun tana rarrafe, ke ma kin sani. Ban dubi dama ba, ban dubi hagu ba, ita nake kallo, yadda take gudu tana dariya. Na kai bakwai.

Ba ta bar tankaɗe ba. Ta ce, "Na ji ka. Duk titin nan sun ji ka, muryarka ba ta ɓuya. Kana tsammani don mi Inna Hindu ta bar dariyar zancenka?"

Na ce to mi ya hana ki faɗa.

"Kai nake jira. Kai kuwa ka tafi kana yafe wa mutane." Sannan ta ajiye rariya. Ta dubi hannunta da ya yi fari da gari. "Mayafinta ya maƙale a ƙofa. Ni na cire mata. Na ce yi sauri kar Baba ya kai goma."

Ban san tsawon zaman da munka yi ba. Kaza ta shigo ta ci garin son ranta ba wanda ya kore ta.

Da zan tashi na ce, shantar fa? Ta ce, "Tana nan. Ban ce don kai zan tafi ba. Duk motar da ta wuce, muryata nake ji."

Alhamis, 20 ga Azumi, la'asar

An cire wa Hafsa jibis. Ƙafar ta rame ta yi fari kamar rogon da anka feƙe. Likita ya ce ƙashi ya haɗe sarai, ta yi ta takawa. Ya tuna ni, ya ce ga ragowar farar ƙasa in ina so. Na ce na gode, na bar gini.

A mota ta rufe ido tun daga Suki har gida, na ɗauke ta na shigar. A tsakar gida tana takawa, daga gindin lemo zuwa randa, daga randa zuwa gindin lemo. Ko inuwar zaure ba ta yarda ta taka.

Lahadi, 23 ga Azumi, da safe

Saura mako. In wata ya tsaya an naɗe tabarmi, ni kuma ba zan tsaya da rawani har wani Azumin ba. Na faɗi haka jiya a wurin shayi, ina yi kamar wasa.

Mahmud yana nan, yanzu kusan kullum sai ya tsaya, ba ya jiran a gicciya masa. Shi da mai lorin albasa da wani dattijo mai tifa sunka tashi sunka je duba gawar tuduna. Dattijon ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wane ne ya yi wannan?" Osman ya nuna ni da hannu biyu.

"Kai manomi ne?"

Na ce a da.

Ya ce matab ba tsawo ake ba shi ba, faɗi ake ba shi, yadda mota za ta hau ta sauka ba ta karye ba, in ta zo da gudu kuma mai ita ya ciji harshe. Kuma ba da baƙar laka ba, da tsakuwa da jar ƙasar dutse. Ya ce, "Mu muka san wanda muke jin tsoro." Sunka yi magana tsakaninsu. Ban sa baki ba, an ce ni manomi ne.

Laraba, 26 ga Azumi, azahar

Tifa biyu na jar ƙasa da tsakuwa tun da hantsi. Duk mazan titi sun fito da shebur, da azumi da rana. Huɗu anka yi, masu faɗi kamar tabarma, daga katanga har katanga. Dattijon ya yi ta bi da tifarsa gaba da baya har sunka daskare. Mahmud ya ce a riƙe hannun Abu Hafsa a baya kar ya bar wa ruwa hanya. Osman ya riƙe da gaske.

Ba laifi. Har bas ɗin nan da ta yaga rawani ta zo da gudunta, munka ji kawunan fasinja sun gaisa da rufi. A na biyu ta rage.

Sakina ta tsaya a zaure ta daɗe tana kallo.

Alhamis, 27 ga Azumi, bayan magariba

Bukra ya iso. Injiniya ya zo da la'asar sakaliya ya ce wa ya ba mu izini. Alhaji ya ce a tattauna bayan an sha ruwa. Ya ci, ya ƙara, ya auna tudun da ƙafarsa ya ce a shafa musu farin fenti saboda masu zuwa da duhu. Osman ya ce yana da fenti. A karon nan ba ƙarya ya yi ba.

Lahadi, 30 ga Azumi, bayan magariba

Shan ruwan ƙarshe. Mun gicciya rawani, lori biyu da raksha sun tsaya, mutane sun zazzauna. Sai na ga Osman yana min nuni da haɓa.

Hafsa ce a dokin ƙofa, da farantin dabino a hannu biyu. Uwarta tana bayanta, ba ta riƙe ta ba. Injin lorin gaba yana ruri. Mahmud ya tashi daga tabarma ya je ya yi wa direban magana, anka kashe. Na biyu ma ya kashe. Ban taɓa jin titinmu shiru haka ba tun da gada ta rufta.

Ta dubi dama. Ta dubi hagu. Ta dube ni ta ce, "Baba, ƙirga."

Bakina ya bushe, kuma ba azumi ba ne. Sakina ta ce daga ƙofa, "Ƙirga mata, Malam. A hankali."

Na ce ɗaya. Ta sauko da ƙafar mai lafiya, ta jawo ɗayar. Biyu. Uku. Dabino na rawa a faranti. Huɗu, biyar, shida. Na ce bakwai, sai na kasa wuce nan. Ta tsaya nan inda take, ko tsakiyar titi ba ta kai ba, tana jira. Kowa yana jira.

Ta ce, "Takwas, Baba. Ai ka yi aji huɗu."

Inna Hindu ce ta fara dariya daga bayan danga.

A talatin da huɗu ta iso. Ladan ya kira tun muna ashirin da wani abu, amma ba wanda ya kai ruwa baki sai da ta dire farantin a tabarma.

Litinin, ranar Sallah, hantsi

Na tarar da farar jallabiyata a wanke, a goge. Alawar rannan ta bar wa aljihun tabo ja wanda bai fita ba, da ita na je Idi haka nan.

Shanta ta koma saman kabad. Ban tambaya ba.